Ƙarfe Ukun Jamus

Ban taɓa mantawa da ranar Juma'ar nan ta farkon watan Afrilu ba, kuma duk sanda na tuna ta sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Tunda ku sababbin ma'aikata kun dame ni da tambayar dalilin da ya sa nake rubuta agogo uku a kan kowace takardar taro, to yau ga amsarku.

A lokacin ina shekara ta huɗu da zama sakatariyar ƙungiyar manoman riɗi a wani ƙauye na ƙasar Kunci. Aikina rubuta wasiƙu, ajiye takardu, da yin tafinta idan za a tattauna da masu saye na ƙasashen waje ta kwamfuta, ana ganin juna ana jin juna. A samana akwai Manaja, Alhaji Tasi'u, wanda kwamitin ƙungiya ya ɗauko daga Kano. Mutum ne mai son a ce ya sani. Doka ce kuma ya kafa, babu wasiƙar da za ta fita daga ofis sai da izininsa.

Ga wanda bai san aikin ba, rana ba ta fito wa duniya lokaci guda. Idan mu nan ana kiran azahar, mutanen Indiya sun doshi magariba, don sun riga mu da awa huɗu da rabi. Wannan mai sauƙi ne, ba ya canzawa. Na Jamus ne mai tarko. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya da nasu, ƙarfe ukunsu shi ne ƙarfe ukunmu. Amma a Lahadin ƙarshe ta watan Maris sai ƙasar gaba ɗaya ta matsar da agogo gaba da awa guda, sai Oktoba su mayar. Duk wanda ke shirya taro da su dole ya san wannan kamar yadda ya san sunansa.

A shekarar manomanmu sun riƙe riɗinsu tun kaka, ba su kai kasuwar Dawanau ba, saboda Manaja ya yi musu alkawarin wani kamfani a Jamus zai saye shi duka. Ga bazara ta kankama, damina na tafe, mutane sun fara gunaguni, kowa yana so ya ga abin da zai shiga gona da shi. Sai baturiyar da ke saye wa kamfanin ta aiko da wasiƙa. Ta ce ta ba mu rabin awa ranar Juma'a da ƙarfe uku agogonsu, tare da wani mai duba ingancin kaya da ke Indiya. Tana so ta ga ɗakin ajiyarmu, ta kuma ji daga bakin masu aikin yadda ake shanya riɗin da adana shi, don ƙasarsu ba ta karɓar wanda aka zuba wa maganin ƙwari. A ranar za ta zaɓa tsakaninmu da wasu masu sayarwa, daga nan ta tafi hutu.

Manaja ya karanta ya yi murmushi. Ya ce a amsa mata an amince, ƙarfe uku ya yi daidai, lokacin an sauko daga masallaci. Na duba kalanda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfe ukunsu yanzu ƙarfe biyunmu ne. Sun matsar da agogo Lahadin da ta wuce. Ƙarfe biyu kuwa liman yana kan huɗuba."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Uwani, taro nawa muka yi da matar nan tun kaka?"

"Biyar, ranka ya daɗe."

"Akwai wanda agogonmu ya saɓa da nata?"

"Babu, amma duk kafin ƙarshen Maris aka yi su."

Ya yi dariya, har da buga tebur. "Wato rana suka kama suka ja ta baya? Ƙasa guda ta tashi ta murɗa agogo kamar wasan yara? Ni na je Umara sau biyu, na san bambancin lokaci tun ba ki gama firamare ba."

Na juyo masa da kwamfuta na nuna masa gayyatar taron, inda na'urar da kanta ta rubuta ƙarfe biyu. Ya ce ni na taɓa ta, ko kuma batirin sola ne ya rikita ta. Na roƙe shi ya bar ni in rubuta layi biyu kawai in tambayi baturiyar, ko in nemi ta matsar mana da awa guda. Ya ce kada in kuskura in kunyata ƙungiya a gaban Turawa, su ɗauka ba mu iya karanta agogo ba. Washegari na rubuta masa bayanin a takarda, na sa kwanan wata, na ajiye a teburinsa. Da idona na ga ya ɗora kofin shayi a kanta.

Na je wurin shugaban manoma, Malam Iliya, dattijo mai kirki amma ba ya iya musu da mai babbar riga. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama Uwani, Alhaji ai ya fi mu sanin boko. A bi shi a hankali." Na fito zuciyata na tafasa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya ce lissafina ba daidai ba ne. Ba a ma duba lissafin ba, bakin da ya faɗa aka duba.

Ranar Alhamis da la'asar na nufi gidan Inna Tabawa. Ita ce shugabar tsofaffin matan da ke shiƙar riɗin ƙungiya da tankaɗe shi, kuma babu buhun da ya shiga ɗakin ajiya bai bi ta hannunta ba. Na ce, "Inna, gobe da ƙarfe ɗaya da rabi ina so ki zo ofis ke da mutum biyu. Ku taho da faifai da rariya."

Ta ce, "Ranar Juma'a, 'yar nan? Lafiya?"

Na yi mata bayani gwargwadon iko. Ta ce, "Ni ban san agogon Nasara ba. Amma na san idan baƙo ya ce zai zo, gara ya tarar da kai a zaune da ya tarar da ƙofa a rufe."

Ranar Juma'a da ɗaya da rabi ƙauye ya watse, maza duk sun nufi masallaci, Manaja a gaba cikin shadda mai sitaci, wayarsa a kashe. Na ɗauko kwamfuta na kafa ta a bakin ɗakin ajiya, inda sabis ya fi ƙarfi. Zafi kamar me. Muna zaune muna jiyo huɗuba ta lasifika. Wallahi a raina har addu'a nake yi a ce ni ce na yi kuskure. Ƙarfe biyu daidai kwamfuta ta yi ƙara, sai ga fuskar baturiyar, ga kuma mutumin Indiya, fitila kunne a bayansa don su can shida da rabi ta yi.

Ta tambaya ina Manaja. Na gaya mata gaskiya cewa lokacin sallarmu ta mako ce, maza suna masallaci, sai nan da awa guda. Ta duba agogonta ta ce ba ta da awa guda, tana da wani taron da zarar ta gama da mu. Na ce to ga masu aikin da hannunsu, idan za ta saurare su. Na san sarai na taka doka, na kuma taka ta da gangan.

Inna Tabawa ta gyara mayafi ta matso. Ta bayyana yadda ake yanke riɗi a ɗaure dami-dami a tsayar, yadda ake kakkaɓe shi a kan tampol ba a ƙasa ba, ina fassarawa. Ta ɗauki faifai ta shiƙa a gabansu. Mutumin Indiya ya ce a buɗe buhu, ba na gaba ba, na can ƙurya. Muka jawo shi mu huɗu muna nishi, muka kwance, ya ga ledar da ke ciki wadda ke hana iska shiga. Baturiyar ta tambaya ko ana zuba magani. Inna ta ɗebi riɗin ta watsa a baki, ta tauna ta haɗiye, sannan ta ce, "Gaya mata da shi nake yi wa jikokina kantu. Wa zai sa wa jikansa guba?" Na fassara. Baturiyar ta yi dariya ta rubuta wani abu. Biyu da rabi ta yi mana sallama ta ce za mu ji daga gare ta.

Uku saura kwata sai ga Manaja da Malam Iliya da manoma wajen ashirin, kowa cikin kayan Juma'a, an shimfiɗa tabarmi an jera kujeru. Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama taron." Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. A gaban kowa ya ce na ci amanarsa, na haɗa baki da baturiya na canza lokaci don in nuna kaina, na kuma tara tsofaffi na zubar da mutuncin ƙungiya. Na ce takardar da na rubuta masa tana kan teburinsa. Ya ce bai ga wata takarda ba. Na shiga na ɗauko ta, da zanen gindin kofi a kanta, na miƙa wa Malam Iliya. Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu.

Ranar Litinin aka ba ni takardar tuhuma. Ga waɗanda ba su taɓa karɓa ba, Allah ya kiyaye, takarda ce da ake ba ka kwana biyu ka kare kanka a rubuce. Laifina shi ne gudanar da taro ba da izini ba. Ba a ambaci agogo ko sau ɗaya a cikinta ba. Na amsa shafi biyu, kwamiti ya zauna, aka dakatar da ni wata guda. A makon ne kuma wasiƙar Jamus ta iso cewa sun zaɓe mu. Manaja ya tara manoma ya karanta musu, aka yi ta kabbara ana sa masa albarka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar da motoci suka zo lodi ina gida. Hanyar ta bi ta bayan katangarmu, ina jin su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ina wanke-wanke ina hawaye don takaici. Sai na ji sallama. Inna Tabawa ce, da kwano a lulluɓe. Ta ajiye a gabana ta buɗe, kantun riɗi ne mai ɗumi. Ta ce, "Daga buhun nan na ƙurya ne, wanda muka ja. Na ce ba zai tafi Jamus duka ba ki ɗanɗana ba. Su maza su yi ta kabbararsu, mu da muke wurin mun san ƙarfe nawa ne."

Na koma aiki bayan wata guda, babu wanda ya ba ni haƙuri har yau. Abin da na koya shi ne agogo bai san muƙami ba, kuma a aikin nan sau da yawa wanda ya yi daidai shi ake hukuntawa idan daidai ɗin ya kunyata babba. Shi ya sa nake rubuta agogonmu, da nasu, da lokacin salla a kan kowace takarda, in kuma sa Manaja ya sa hannu a ƙasa kafin ya ɗauki kofin shayinsa.