Saje Kalilu da Bironsa Mai Zare

Kafin manyan motoci su fara layi a bakin iyakar Jibiya, Saje Kalilu ya riga ya jingine kekensa ya zauna a bayan kantar ofis. Makullin ɗakin tsare mutane na ɗamararsa, ga wani biro da ya ɗaure da zare a jikin tebur. Shekara goma sha tara ke nan, sai watan nan da ya yi ritaya.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Duk jami'in da ya kawo mutum a kulle, sai ya rubuta laifin da lokacin, ya sa hannu da kansa. Abokan aiki har suna tsokanarsa da Saje Sa-Hannu, shi kuwa ko a jikinsa.

Rabi mai tuwo, da rumfarta ke kallon kantar, ta ba ni labarin wata Juma'a. An kawo Maɗugu, wani direba ɗan Maraɗi, da mota cike da raguna cikin tsakar rana. Takardunsa cikakku ne, baki kawai ya mayar wa wani babban jami'i. Babban ya ce a kulle shi sai Litinin, ya koyi ladabi. Ragunan mutane kuwa ƙishirwa za ta gama da su kafin nan.

Kalilu ya miƙa biro. "Ranka shi daɗe, a rubuta laihinshi, a sa hannu."

"Ni kake miƙa ma biro?"

"Don kai nike yi. Wanda ya tsare mutum ba bisa doka ba, ran da alƙali ya tambaya, shi za ya tsaya da ƙafarshi, ba ofis ba."

Babban ya juya biron, ya sake juyawa, ya ajiye. Kafin la'asar Maɗugu ya kama hanya.

Mun san abin da wannan hali ya jawo maka, Saje. Sau uku ƙarin girma na tsallake ka, kuma ni abin ya yi mini ciwo. Da na yi maka zancen, dariya ka yi, ka ce, "Duk Jibiya babu layin da nike kauce mawa don kunyar wani."

Kai ne ka riƙe makulli bai hau maka kai ba. Mun gode, Allah ya saka. Masu shigowa aiki, ku duba abin da Saje ya bar wa magajinsa: ranar sallama ya kwance biron daga tebur, ya ɗaure shi a jikin makullin, sannan ya miƙa.