Jan Fenti a Jikin Bishiya Talatin da Bakwai

Bishiya nawa ce tsakanin ƙofar gidanku da bakin titi? Yawancin mutane sai su ɗaga kai su soma lissafi. Akawu kuwa nan take za ta ba ka amsa: talatin da bakwai. Darbejiya ashirin da biyu, mangwaro tara, tsamiya shida.

Shekarunta goma sha tara, tana aiki a shagon buga takardu da ke kan kwanar layinsu. Yayanta, mai fenti, shi ya laƙaba mata Akawu, don tun tana ƙarama take ƙirga komai, har tarin da Inna ke yi kafin ta gama sharar safe. Da aka soma gine-gine a filin bayan layi, tifa goma sha huɗu ke wucewa a wuni, ƙurar siminti ta lulluɓe ganye, tarin Inna ya tashi daga biyar zuwa goma sha ɗaya.

Sai labari ya zo za a faɗaɗa titi. Ita da ƙawayenta uku suka rubuta takardar koke a bar musu inuwarsu, suka tara sa hannu ɗari da tamanin. A ofis aka ce su kawo adadin bishiyoyin daidai, ba "da yawa" ba. Ƙawa ɗaya ta dage arba'in ne. Akawu ta ce a kashe gardama, a sa wa kowace alama.

"Yaya, ba ni ragowar fentin nan."

"Yau kuma me za a ƙirga, Akawu? Tururuwa?"

"Kai dai ba ni. Wanda ruwan sama ba ya wankewa."

"Ja ne ya rage. Ki wanke min burushi, na san halinki."

Ranar Asabar ta bi layin kaf, tana shafa jan zane a kowane gindi. Ta ƙarshe ita ce mangwaron ƙofar gidansu, wadda marigayi Baba ya dasa shekarar da aka haife ta. Talatin da bakwai cif.

Ranar Laraba ta kai takardar. Ta zauna a benci tun safe har la'asar. Da aka kira ta, ma'aikacin ya buɗe taswira ya ce ta kwantar da hankalinta, goma sha biyu kaɗai za a sare, na bakin kwalta. Ta fito tana murna, ashirin da biyar sun tsira.

Tun daga kwanar layinsu ta ji kukan injin yanka. Layin ya yi wani irin haske da ba ta san shi da shi ba. Ta ruga ta sha gaban shugaban masu saran, wani dattijo.

"Baba, ku tsaya! Goma sha biyu aka ce!"

"'Yata, mu ba a ba mu lissafi. Wadda muka ga ja a jikinta, ita ce tamu. Haka ake aikin."

"Ni na shafa!"

Dattijon ya kashe injin, ya dube ta, ya dubi layin.

Ashirin da tara ne a ƙasa. Mangwaron Baba na cikinsu, da 'ya'yanta ɗanyu warwatse a kwata. Inna na tsaye a ƙofa da gefen mayafi a hanci. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Shigo ciki, ƙura ta yi yawa." Yaya ya kwashe makonni bai kira ta Akawu ba, tsokanar ta ƙi fitowa.

Washegari ta ɗauki wuƙa ta kankare jan daga jikin takwas ɗin da suka rage. Tun daga nan, kafin ta buɗe shago, tana bin kututturan da bokiti. Darbejiya goma sha ɗaya sun yi toho. Mangwaron Baba yau kwana sittin da uku ke nan ana ba ta ruwa, ko ganye ɗaya.

Gobe da safe, don Allah, ka bi layinku ka ƙirga naku. Minti goma ya isa. Ka rubuta adadin da irin kowace a takarda, ka sa kwanan wata. Kada dai ka sa wa ko ɗaya alama.