Marasa Lafiyar da Aka Ɓoye a Gonar Dawa

Mun tashi daga Zariya ana sallame asuba, ni da direba da Baturen likitan nan da malamai ke sa mu haddace rubutunsa a makarantar disfensa. 'Yan ajinmu, kun san shi. Abin da ya rubuta kan ciwon daji da ciwon damuwa har Ingila ake karantawa, kuma inda ya ce akwai ciwo, can ake tura magani. Ni aka zaɓa tafinta. Kaina ya kumbura, na goge farin wandona har yana ƙyalli. Amma murnata ta gaskiya gwaggona ce. Shekara guda ke nan da ƙullutu a ƙirjinta, ta daina magana, ta daina fita. Ƙauyenmu na ƙasar Ikara yana cikin rangadin, har na aika wa baffana wasiƙa a shirya ta.

Hanyar Kudan kuwa, sai wanda ya gani. Damina ta cinye ta, sau biyu muna sauka tura mota, farin wandon nan ya koma kalar kunun kanwa. A wani ƙauye dagaci ya jero mana ƙarti masu ƙoshi, kowa fuska sai sheƙi. Likita yana kan kujera a inuwa ya ce in tambaya ko akwai mai ƙari a jiki, ko mai baƙin cikin da ya kwantar da shi. A gaban dagaci fa, da dogari riƙe da bulala. Wa zai ɗaga hannu? Ya rubuta: babu. Aka cika mana mota da rake da mazarƙwaila.

A ƙasar Makarfi ma haka. Tuwon dawa da miyar kuɓewa na ci har na kwance mazagi, amma raina ya fara ɓaci. Gari guda ba ko mai tari? Likita sai murmushi yake, wai mutanen ƙasar nan ba su san damuwa ba.

Rana tsaka muka isa ƙauyenmu. Na durƙusa na gaida baffa, na ce ina gwaggo.

"Ta tafi biki," ya ce, yana kallon ƙasa.

"Baffa, wadda ba ta iya zuwa bakin rijiya?"

"Kai dai yi aikin da ya kawo ka, malam ɗan boko."

Ina tsaye ina huci sai na hango mata biyu ɗauke da kwanonin kunu sun kutsa cikin gonar dawa. Ba lokacin aiki ba ne. Na bi su. Dawar ta fi ni tsawo sau biyu. Can tsakiya, ƙarƙashin wata ɗorawa, ga tabarmi, ga mutane kwance: tsoho mai kumburin wuya, mace mai gyambo, ga gwaggona a zaune ta zuba wa ƙasa ido.

Ashe tun shekarun baya da masu laluben wuya suka zo neman ciwon barci, suka samu, aka tashi ƙauyen maƙwabtanmu aka mai da su wani wuri, dagatai suka ɗauki darasi. Da an ji Bature na tafe, sai a kwashe marasa lafiya a kai gona.

Na dawo a guje. Baffa ya riƙe mini riga.

"So kake a tashe mu? Kaburburan iyayenka suna nan."

"Ita ma so kake ta bi su?"

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na je na faɗa wa likita, ba tare da ko "ranka ya daɗe" ba, cewa ya tashi daga kujerar nan. Fuskarsa ta yi ja, amma ya biyo ni. Da ya duba gwaggo ya ce a tafi da ita Zariya yau, kuma ya sa na shaida wa dagaci ba wanda za a tasa. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka ɓata wandonka." Maganarta ta farko ke nan cikin watanni.

Na roƙi likita mu koma ta Makarfi da Kudan. Ya ce ba lokaci, jirginsa na jira. "Babu" ɗin da ya riga ya rubuta a shafin ƙauyenmu kawai ya soke. Sauran biyun haka za su tafi Ingila da "babu", mu kuma wata rana a sa mu haddace.

Mun shigo Zariya da la'asar, gwaggo a gaba, ni a baya kan rake. Yanzu tana asibiti, an sa ranar yi mata aiki. Na sake rubuta wa baffa wasiƙa, bai amsa ba tukuna.

Abin da na koyo, 'yan ajinmu: duk ranar da kuka ga "babu" a babban littafi, ku tambaya ko wanda ya rubuta ya shiga cikin dawa.