Raufu Mai Hoto da Matakalar Bene

Ina tsaye kan kujera ina ɗaure ƙarfen rumfa a wani gidan suna, wayata ta yi ƙara. Moriamo ce, babbar 'yar Raufu. Ta ce, "Baba Salawu, abokinka ya tafi." Na ce da ita ina zuwa, amma sai na ci gaba da ɗaure igiyar har na gama, don hannuna bai yarda da abin da kunnena ya ji ba.

Ni da Raufu Ajagbe tare muka tsufa a gidajen bikin Ogbomosho. Ni hayar rumfa da kujeru nake bayarwa, shi kuwa hoto. Yakan ɗauki mutane suna cikin rawa, ya ruga ya wanko, ya dawo ya bi su tebur-tebur kafin taro ya watse. Sana'ar ƙafa ce.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ba ya haska mutum a fuska. Fitilar kan kyamararsa kullum tana kallon sama ko gefe. Hasken ya daki farar rumfa ko bango, sannan ya sauko wa mutum a hankali, ba ƙyallin mai a goshi, ba jan ido. Idan na kafa jar rumfa sai ya hau ni da faɗa.

"Kai ɗan dako, so kake amarya ta fito kamar gasasshen kifi?"

"Masu biki suka zaɓa, shugaban makafi."

"To ka ce musu ni na hana."

Ciwon suga ne ya ci masa ƙafar dama, har aka yanke ta. Daga asibiti aka ɗauko shi aka hau da shi ɗakinsa na saman tsohon benen gidansu, ta matakalar katako mai tsayi, wadda mutum biyu ba sa giftawa a kanta. Tun ranar bai sake taka ƙasa ba. Na ce zan goya shi mu sauka, ya ƙi. Ya ce a gidan nan gawa kaɗai ake saukarwa a hannu, shi da sandarsa zai sauka idan ya iya ta. Kullum da safe sai ya dogara har bakin matakala, ya leƙa, ya juyo.

Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Ranar Asabar ganguna na tashi daga ko'ina, shi yana zaune yana faɗa mini bikin wane ne daga jin kiɗan.

Da abin ya ishe shi ya ce, tunda ba zai je wurin mutane ba, su zo wurinsa. Na shafe masa silin da farar ƙasa. Matarsa ta roƙi ƙungiyarsu ta masu sayar da manja su hau a ɗauke su cikin sabon anko. Suka zo kuwa, suna haki suna tsine wa wanda ya ƙera matakalar.

Ya ɗauki ta farko, ya duba, na ga fuskarsa ta canza. Duk cikin zumuɗi ya manta da gwaggwaro. Ɗaurin kan nan mai faɗi kamar faifai ya tare hasken da ke saukowa daga silin, idanun matar suka zama ramuka biyu.

"Baban Moriamo, ni ce wannan ko kakata da ta mutu?" in ji Iya Sikira, shugabarsu.

"Ranki ya daɗe, ko za ki ɗan tura ɗaurin baya?"

"Ɗaurin da aka ɓata rabin safiya ana yi? Sai dai ka tura ɗakin."

Ya dube ni. Farar riga ce a jikina. Ya ce in tsaya gefenta in buɗe hannuwa, ya juya fitilar ta kalle ni. Hasken ya dake ni ya koma kan fuskarta, har tsagar kumatunta ta fito a fili. Haka na tsaya kamar an shanya ni, har aka gama da su duka. Ranar Raufu ya ci amala malmala biyu.

Sun yaba hotunan, amma ba su dawo ba. Iya Sikira ta ce gwiwarta ba ta aro ba ce. Wasu ma ba su hau ba. Ya koma ɗaukar matarsa, da ni, da kwanon abinci, don kada hannu ya manta.

Ranar Larabar da ta gabaci rasuwarsa na je na tarar da shi zaune a daɓe a bakin matakala ta sama, ƙafarsa ɗaya tana kan mataki na biyu, gumi ya jiƙa shi.

Na ce, "Raufu, ba kowa a tsakar gida. Hau bayana, wa zai gani?"

"Ni zan gani."

"Taurin kanka ya fi katakon nan."

"Jiya ɗaya na sauka, yau biyu. Wane launi za ka kafa ranar Asabar?"

"Fari."

"To, ajiye mini kujera kusa da makaɗa."