Rigar da Sabuluna Ya Ɓata

Jiya wata maƙwabciyarmu ta unguwar Zaitawa ta shigo shagona tana cewa wai su suka ƙarfafa min gwiwa. Su wa? Lokacin da aka koya mana haɗa sabulun ruwa a darasin sana'a na kwaleji, dariya suka dinga yi min: "Duk bokon nan a sabulu zai ƙare?"

Marigayi Kawuna kaɗai ya saya. Soda ta yi yawa a haɗin farko, ta cinye shuɗin babbar rigarsa da ya wanke da sabulun, ta bar ta dabbare-dabbare. Haka ya saka ta ya tafi masallacin Juma'a tana ƙamshin lemon tsami. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "'Yata ce ta buɗe kamfani."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya tufatar da shi da rigar Aljanna wadda ba ta koɗewa.