Hannuna a Kan Ƙarfen Keken Baba

Idan sanyi ya tsananta a Paris, ma'aikatan gari kan watsa gishiri a kan titi tun da safe, don kada ƙanƙara ta kayar da mutane. Tayar keke tana da wata ƙara idan ta bi ta kan gishirin nan, ƙurus-ƙurus, kamar akuya na cin busasshiyar harawa. Ni aikina kai wa mutane abinci ne a kan keke, tsakanin unguwannin Barbès da Belleville, saboda haka kullum ina jin ƙarar nan a watannin ɗari. Kuma duk sadda na ji ta sai kunnuwana su ɗauki zafi, in sunkuyar da kai, alhali ba mai kallona.

Ni ɗan fari ne. In a wajenmu ka tashi, ka san iyaye ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a ƙauyenmu, kusa da Damagaram. Ita ta raine ni, ita nake hawa wa baya, ita nake yi wa kuka. Iyayena kuwa suka tafi birnin Lyon a Faransa, can aka haifi ƙanwata. Sai da kaka ta rasu, lokacin na gama firamare, aka aiko aka ɗauko ni.

Na iske mutane biyu masu kirki waɗanda ba sa duban idona. Baba "yaron nan" yake ce mini, Inna kuma "wancan". In za ta ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa wancan." Ban taɓa jin haushi ba, tarbiyya ce, ni ma da ita aka gina ni. Sai dai ni mutum ne mai yawan tunani tun ina ƙarami. Kafin in ɗauki cokali a gidan nan sai na tambayi kaina ko nawa ne.

A ɗarina na farko, wata Lahadi, aka yi suna a gidan wani Alhaji da ke can bayan gari, gefen kogi. Shi ya sauki Baba lokacin da ya fara zuwa ƙasar, don haka rashin zuwa bai taso ba. A daren da ya gabata ruwa ya sauka ya daskare, bas ɗin unguwarsu ba ta fita ba. Baba ya sauko da kekensa, wani tsoho mai siririyar taya, da ƙarfen ɗaukar kaya a baya. Ya ce wa Inna, "Yaron nan ya shirya, Alhaji bai gan shi ba tukuna."

A kan kujerar da ke bakin ƙofa na ga safar hannu, sabuwa, ruwan toka. Na tsaya ina kallonta. Na ce a raina ko ta Baba ce, ko ajiyar wani ce. In na ɗauka aka ce ba tawa ba fa? In na tambaya kuma, kamar na roƙa ke nan. Inna tana kicin ta juya baya. Daga baya na ji cewa don ni ta saye ta, ta ajiye a inda ba yadda za a yi in wuce ban gani ba. Miƙa mini hannu da hannu ne ba za ta iya ba. Na ja hannun rigata ya rufe yatsuna, na bi Baba.

Da na hau baya, Baba ya ce, yana kallon gabansa, "A riƙe da kyau." Na san abin da ya kamata. Na sha ganin ƙanwata ta rungume shi ta cusa hannuwa cikin aljihun rigar sanyinsa. Aljihun yana nan gabana, a buɗe. Amma yaya zan taɓa jikin mahaifina? Na mayar da hannu ƙasa na damƙi ƙarfen da nake zaune a kai.

Kai mai karatu, sanyin gida daban, wannan daban. Itatuwan bakin kogi duk sun yi fari, hazo na tashi daga ruwa, numfashin Baba na wucewa ta gefen kunnensa kamar hayaƙi. Titi sai ƙyalli yake. Baba na tafiya a hankali, taya na murƙushe gishiri, wani wuri ta ɗan zame sai ya sauke ƙafa. Kowace zamewa sai in ƙara damƙe ƙarfen. Da farko yatsuna suka yi zafi kamar na taɓa garwashi, hawaye na zuba suna sandarewa a kumatuna. Na yi ta shirya maganar a bakina, "Baba, hannuna." Kalma biyu ce, amma ta ƙi fita. Na ga kamar in na faɗa, na ce masa bai iya kula da ni ba.

Sau ɗaya ya yi magana, a kan wata gada. "Lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau."

Can zafin ya ɗauke gaba ɗaya. Har na gode wa Allah.

A ƙofar gidan suna, Alhaji ya fito da fara'a. "A'a, wannan ne magajin? Miƙo hannu mana, ko har ka zama Bature?" Na miƙa. Ya riƙe, sai dariyarsa ta tsaya. Yatsuna sun yi fari fat, sun ƙage a lanƙwashe kamar har yanzu ƙarfen na ciki. Hajiya matarsa ta leƙo ta saki salati. Ta juya kan Baba, gaban maza cike da falo, ta ce, "Haba Malam! Kunyar ɗan farin ce har da barin shi ya daskare? Buhun gero ka ɗauko a baya ko mutum?" Wasu suka yi 'yar dariya. Ta ja ni za ta ɗora hannuna a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, wani ɗalibi cikin baƙi ya hana ta, ya ce ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai, sannan a tafi asibiti yanzu, in ba haka ba ana iya rasa yatsun.

A motar Alhaji muka tafi, da Baba da ɗalibin. Matar da ke karɓar marasa lafiya ta dubi hannuna, ta dubi na Baba da ke cikin safa, sannan ta tambaye shi sunan yaron. Baba ya yi shiru. Ɗalibin ya buɗe baki zai amsa, ta ɗaga masa hannu, ta ce uban take tambaya, in dai shi ne uban. Na ga yadda ta fara kallonsa, kallon wanda ake shakkar abin da ya yi wa yaro. Baba ya cire hularsa ya mayar. Sannan ya faɗi sunana, ƙasa-ƙasa. Ta ce ba ta ji ba. Ya sake faɗa da ƙarfi.

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Jinin da ya fara dawowa yatsuna yana da zafin da ban san irinsa ba, amma kunyar da na ji ta fi shi. Likita ta keɓe ni ta tambaya ko horo aka yi mini. Na ce a'a, ta ce to me ya hana ni magana? Na rasa yadda zan bayyana mata, ko da Hausa ce.

Yatsun sun tsira, sai dai kan ƙaramin na hagu ba ya jin komai har yau. Baba bai sake goya ni a keke ba. Da bazara ta shigo ya samo mini nawa, na hannu, ya jingina a ƙofa ya ce wa Inna a gaya wa yaron nan. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Yanzu ina da tawa 'yar farin. Sunanta nake kira, har ma in ɗauke ta a wuya a tsakiyar unguwar Château Rouge, ko da yake in na hango dattijon gida sai in ji hannuna na son sauke ta. Kafin mu kai makaranta na tambaye ta ko tana jin sanyi har sai ta gaji ta ce, "Papa, ka dame ni!" Ban san ko haka ne daidai ba. Wani lokaci ina tsoron na yar da wani abu mai daraja, wani lokaci ina tsoron ban yar da shi da wuri ba.

Baba ya tsufa, yana nan Lyon. In aka sanar za a yi sanyi mai tsanani yakan buga waya, amma ba tawa ba, ta matata. Sai sun gama doguwar gaisuwa, ya tambayi jikarsa, ya tambayi maƙwabta, sannan ya ce, "Yaron nan, ya fita aiki yau?" In ta ce na fita, sai ya ce, "To. A ce ya rufe hannunsa."