Haƙori Na Shida

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malamata, wadda ta shekara talatin da huɗu tana koya wa ɗaliban likitancin haƙori yadda ake kare bakin yara tun kafin ya lalace. Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ina ɗakin duba yara labarin ya same ni. Ina zaune gwiwa da gwiwa da wata uwa, kan ɗanta a cinyata, ƙafafunsa a tata, kamar yadda kika koya mana, Malama. Nas ɗinmu ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa tana hawaye, nan take na gane. Na ƙarasa shafa wa yaron man kariya a 'yan haƙoransa takwas, na miƙa shi ga uwarsa, sannan na shige ɗakin wanke kayan aiki na rufe ƙofa. Tun rasuwar mahaifiyata ban yi kuka irin na ranar ba.

Mun zo ajinki muna ɗoki mu riƙe injin huda haƙori, mu yi ciko, mu cire, a ce mun zama likitoci. Sai muka tarar da ke da ƙaton haƙorin roba da buroshi mai tsawon kamu ɗaya, kina nuna mana yadda uwa za ta tsaya a bayan ɗanta ta goge masa baki. Muka raina darasin. A bayan idonki muna ce masa ajin wankan jarirai. Kin sani sarai, amma ba ki taɓa nuna kin ji ba. Abin da kika yi kawai shi ne kika kai mu ɗakin tiyata wata safiya, muka kalli yadda aka cire wa yaro ɗan shekara huɗu haƙora tara da suka ruɓe saboda kwana da bulumbotin madara mai sukari a baki. Daga ranar ba a sake kiran ajinki da wancan suna ba.

Yara kuwa Goggon Haƙori suke ce miki. Ba kya sa takunkumi sai yaro ya ga fuskarki tukuna, kuma ba kya taɓa bakinsa sai kin ba shi ɗan madubin ya duba naki. Na sha ganin yaron da aka shigo da shi yana birgima ya fita yana yi miki gardama a kan haƙoransa nawa ne. Da samari da 'yan mata masu tasowa kuma wata dabara ce daban. Sai ki sallami iyayen su jira a waje, ki ja kujera kusa. Ba kya ɓata bakinki a kan ruɓewar da za ta zo bayan shekara goma, don kin ce ɗan shekara sha biyar ba ya jin tsoron shekara goma. Maganar warin baki kike yi masa, a hankali, kamar sirri. Washegari za a ji ya tashi gidan da neman buroshi.

A gida ma ba ki bar kowa ya huta ba. Jikokinki suna jin ƙarar motarki suke tura alawa ƙarƙashin kujera, kuma kowa ya san daga aljihun Baba, mijinki, take fitowa. Shekara da shekaru kina kama shi, yana rantsuwa ta tari ce.

Amma darasin da ya fi kowanne a wurinki shi ne na haƙori na shida. Kina cewa mu fara daga tsakiya, daga haƙorin gaba, mu ƙirga zuwa baya. Biyar ne na nono a kowane ɓangare, sama da ƙasa. In mun ga na shida a can ƙurya, to turmin girma ne. Yana fitowa yaro na da shekara shida, shiru, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba, shi ya sa iyaye suke ɗauka na nono ne. Sai ya fara baƙi su ce ai zai famfare, wani ya fito. Ba wanda zai fito. Kin hana mu furta kalmar nan, “zai famfare”, sai mun ƙirga da yatsa, kuma ba a sallamar yaro sai kin duba da kanki kin yi alamarki a katinsa da jan biro.

Malama, nan ne zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na daɗe ina juya shi a raina, kuma na san wasu za su ce ba a takardar ta'aziyya ake irin wannan magana ba. To ba ni da wani wurin da ya rage.

Ina shekarar ƙarshe a makaranta, wata Talata layi ya kai har matakala. Ke kina ɗaki na gaba da wani yaro da ya faɗo daga keke ya karya haƙoran gaba. Aka shigo mini da wata yarinya 'yar firit, mai kitso biyu, wadda a ido ba za a ba ta fiye da shekara biyar ba. Uwarta tela ce, tana ta duba agogo, ta ce ta bar shago a rufe. Na ga ɗan baƙin ɗigo a haƙorin baya, ƙasa, ta hagu. Ban ƙirga ba. Ban ma kalli shekarunta a kati ba. Na ce wa uwar, “Na nono ne, Mama, zai famfare da kansa. A dai rage mata alawa.” Jan bironki yana kan tebur, kin manta shi. Alamarki kuwa ba wuya, 'yar ƙugiya ce da da'ira. Na ɗauka na yi, na sallame su, na kira na gaba, har ina jin daɗin na rage miki aiki.

Bayan wata goma suka dawo. Kumatun yarinyar ya kumbura har ido ya ƙanƙance, jikinta zafi rau. Shekararta bakwai da rabi. Aka ɗauki hoto, kika daɗe kina kallo, kika ce ba abin da za a iya ceta. Ke kika cire shi, ni kuma ina gefenki riƙe da bututun zuƙe yawu. Da aka gama kika karɓi katin don ki ga wa ya duba ta a baya. Ina kallon fuskarki lokacin da kika ga alamar. Kika cire safar hannu, kika juya ga uwar kika ce, “Ni na duba ta wancan zuwan. Ni na yi kuskure. Ki yafe mini.” Matar ta ce da an gaya mata, da ko shagon zai ƙone za ta tsaya a gyara. Yarinyar kuma, da auduga a baki, ta ja miki riga ta tambaya, “Goggo, yaushe sabon zai fito?”

Kika durƙusa daidai tsayinta kika ce, “Wannan ba zai fito ba, 'yata.”

Ina tsaye a wurin, da bakina, na bar ki kika ɗauki laifina. Saura wata biyu jarrabawar ƙarshe, kuma na san hukuncin wanda ya kwaikwayi alamar malami. Na ce wa kaina sai bayan jarrabawa. Bayan jarrabawa na ce sai na kama aiki. Da na kama aiki kuma, ke kika tsaya mini aka ɗauke ni koyarwa a sashenki, kika zauna kusa da mahaifiyata ranar aurena, kika fara ƙirga haƙoran 'ya'yana tun suna goye. Kullum alherinki na ƙaruwa, maganar na ƙara nauyi a bakina.

A makon da abin ya faru kika je aka auna miki ido, kika dawo da tabarau, kina cewa idonki ya fara cin amanarki. Kika daina zama a ofis ranakun duba yara, kina bin kujeru ɗaya bayan ɗaya a tsaye har gwiwoyinki suka lalace. Kuma tun daga shekarar, duk sabbin ɗaliban da suka zo, da labarin yarinyar nan kike buɗe musu darasin farko. Kina tsayawa a gaban allo ki ce, “Ni da kuke gani na taɓa jawo wa yarinya asarar turminta, saboda ban ƙirga ba.” Ɗalibai suna fita suna mamakin malamar da ba ta jin kunyar faɗin laifinta. Sau goma sha tara na ji wannan labari daga kujerar baya, ina riƙe miki takardar sunaye.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarki na je asibiti da niyyar in faɗa. Na yi alwala, na yi ta maimaita kalmomin a mota. Na same ki kin rame, an jingina ki da matasai, 'yarki ta fari tana shafa miki mai a ƙafa. Kika ce ta ba mu wuri. Na ɗauka kin sani. Sai kika kama hannuna kika ce, “Sabbin ɗalibai sun kusa zuwa, ni kuma kin ga yadda nake. Ke za ki yi musu darasin farko. Ki ba su labarin yarinyar nan. Kar ki ɓoye sunana don kina jin nauyina, ki ce ni ce.”

Ba wanda ya shigo ya katse mu. Ba ki yi barci ba, idonki na kaina, kina jira. Na ce, “To, Malama.” Na gyara miki bargo, na ce zan dawo ranar Alhamis.

Jiya Litinin na yi darasin. Ɗalibai hamsin da biyu, da sabbin fararen riguna masu layin guga. Na ba su labarin tun daga layin da ya kai matakala, na gaya musu wa ya duba yarinyar da wanda ya ɗauki biron. Wannan ne umarninki na farko da na saɓa da sanina tun waccan Talatar. Da na gama, wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, ita ta sani kafin ta rasu?” Na ce ba ta sani ba. Daga nan na kasa ci gaba, na sallame su saura rabin awa. Na wuce ofishin shugaban sashe na maimaita masa, kuma duk abin da suka yanke a kaina na karɓa.

Baba, ina yi maka ta'aziyya, kai da ka yi shekara arba'in da ɗaya da ita. Ka riƙe ni kamar 'yar cikinka, ga abin da na ɓoye a gidanka ina cin abincinka. Yaya, 'yarta ta fari, ke da ƙannenki uku da jikoki duka, Allah Ya ba ku haƙurin rashinta. Kun sha jin ta tana ambaton yarinyar nan a gida, na sani. Ku sani mahaifiyarku ba ta taɓa sallamar yaro ba ta ƙirga ba. In za ku iya yafe mini, ku yafe, in kuma ba yanzu ba, ba zan ga laifinku ba. Ina yi wa abokan aikinta ta'aziyya, da ɗaruruwan likitocin da suka fito daga hannunta, da iyayen da har yau suke zuwa suna tambayar ina Goggon Haƙori.

Ya Allah, Ka ji ƙan baiwarKa. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Duk yaron da ya kwana lafiya ba ciwon haƙori ta dalilinta, Ka sa a mizaninta. Ka ba ta ladan haƙurin da ta bayar a kan laifin da ba nata ba, da na tsayuwar shekara goma sha tara. Ka sa Aljanna ce makomarta. Ya Allah, Kai ne shaida ba ita ta yi ba. Ka isar mata da wannan magana, tunda ni na kasa.